Wai na zama Bature don na nemi tikitin Agusta a watan Maris

Yayana ne ya faɗa mini maganar, cikin dariya, kuma na san da wasa yake yi. Sai dai wasan ya ƙi barin raina. Tun bara yake cewa zai kawo iyalinsa daga Katsina su ga inda muke zaune a Kolon, mu haɗa da namu yaran mu zaga ƙasashen da ke kusa da Jamus a jirgin ƙasa lokacin dogon hutu. Da Maris ya kama sai na kira shi na ce, "Yaya, a taimaka a turo mini ranakun da aka tsayar, da shekarun yara, da sunan kowa yadda yake a fasfo, zan fara yankar tikiti." Ya yi shiru, can sai ya ƙyalƙyale da dariya, har ina jin yana ba na kusa da shi labari. Ya ce, "Kai yanzu Agustan da ko damina ba ta faɗi ba kake yanka wa tikiti? Wa ya ga gobe? Lalle ƙanena ka zama Bature."

Na ce Allah ya kai mu, muka yi sallama. Ba a ja-in-ja da babba a waya, balle da mutane a gefensa. Amma a nan zan iya faɗin abin da na haɗiye.

Mu tara ne, manya huɗu da yara biyar. Hanyar da na zana ta tashi daga Kolon zuwa Burusel, daga nan Faris, sai Zurik, sai Milan, mu biyo ta Berona mu haura tsaunin Brenner mu ratsa Ostiriya zuwa Munik, mu dawo gida. Ƙasa shida ke nan. Wanda bai zauna a nan ba zai ɗauka tunda babu shinge a kan iyaka, tikiti ɗaya ne za a yanka a wuce wurin. Ina! Kowace ƙasa da kamfanin jirginta, kowane kamfani da manhajarsa da dokokinsa da ranar da yake buɗe sayarwa. Na Jamus yakan buɗe da wuri sosai, na Faransa da Italiya yawanci sai saura wata uku ko huɗu. Farashi kuma ba a tsaye yake ba. Kujera ɗaya, a tarago ɗaya, wanda ya saya da wuri zai iya biyan ƙasa da rabin abin da wanda ya zo ana gobe tafiya zai biya. In kai kaɗai ne ka ce ba komai. Ninka bambancin sau tara, a kan jirgi shida ko bakwai, sannan ka gaya mini wane ne bai san ciwon kuɗinsa ba.

Tikitin mai rahusa kuwa ɗaure yake da jirgi ɗaya. In an rubuta tara da minti arba'in da biyu, to na tara da minti arba'in da biyu ne. Ka tsaya neman takalmin yaro ka iso ƙofa ta rufe, kuɗinka sun bi ruwa, kuma babu wani ɗan kamasho da za ka roƙa ya tsayar maka da direba.

Ga maganar wurin zama. A jiragen TGV na Faransa da masu gudu na Italiya, ba ka shiga sai da lambar kujera. A ICE na Jamus, in tafiyar cikin gida ce, kana iya shiga ba lamba, amma a watan Agusta hakan na nufin ka tsaya a bakin ƙofar banɗaki da jaka a tsakanin ƙafafunka. Akwai kujeru huɗu-huɗu masu fuskantar juna da tebur a tsakiya, su iyali ke rububi. Akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar gilashi da aka ware wa masu ƙananan yara, da filin ajiye keken jariri, inda yaro zai yi kukansa ba wanda zai harare ka. Ɗaki ɗaya ne a jirgi. Wa kake jin zai samu, wanda ya nema a Maris ko wanda ya ce wa ya ga gobe? A Suwizalan ma har da tarago mai hawa biyu da wurin wasan yara a sama, da zamiya da komai, jirgi na gudu yara na zamewa. Ban son matar Yaya ta zo tun daga Katsina a ce ta zauna a tarago na uku, 'yarta a na bakwai kusa da wani ƙato mai kare.

Akwai tikitin zagaye da mutane ke yawan yabo, wanda ake shiga jiragen ƙasashe 33 da shi. Mu mazauna Turai namu sunansa Interrail, baƙi irin su Yaya nasu Eurail. Daɗinsa shi ne yara daga shekara 4 zuwa 11 kyauta ne, biyu ga kowane babba. Babbar 'yar Yaya ta haura sha biyu, ita sai an saya mata na matasa, shi ya sa na tambayi shekaru, ba don gulma ba. Amma ko da wannan tikitin a hannu, kujerar TGV da ta Eurostar, jirgin da zai kai mu Faris daga Burusel, sai ka biya daban, har ta yaran, kuma a Eurostar kujerun da ake ware wa masu irin wannan tikiti ƙididdigaggu ne, suna ƙarewa. A gefe guda, in tikitin Jamus na yau da kullum ka saya, yara har zuwa shekara 14 kyauta suke tafiya tare da babba, muddin ka rubuta su tun wurin saye. Wanne ya fi sauƙi? Sai ka zauna da takarda da biro ka buga lissafi, jirgi bayan jirgi. Ba a tsaye a tasha ake wannan ba.

Faris ita ce ta fi hana ni barci. Jirgin Burusel a tashar Gare du Nord yake sauke mutane, na Zurik kuma daga Gare de Lyon yake tashi, wata tasha daban a wani gefen gari. Sai an sauka ƙarƙashin ƙasa an shiga jirgin cikin gari mai suna RER D, tsayawa biyu. Tsayawa biyu ba komai ba ne ga ɗan jami'a mai jakar goyo. Ka auna mutum tara, da akwatunan mutanenmu waɗanda kowa ya san girmansu, da ƙofofin tikiti masu rufewa da zarar mutum ɗaya ya wuce, da yaron da zai ce fitsari daidai lokacin da jirgi ya iso. Kuma in tikitin farko da na biyu daban-daban ka saye su, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, sau da yawa ba wanda ke da alhakin ɗaukarka. Dokar Tarayyar Turai ta ce a mayar maka da kashi 25 na kuɗinka in an makara awa guda, kashi 50 in an kai awa biyu, amma wannan ba zai samar wa mutum tara kujera a jirgin yamma ba. Shi ya sa na yanke mu kwana a Faris kawai, yara su ga hasumiyar da suke gani a hoto, washegari mu kama hanya. Daga Zurik zuwa Milan kuwa jirgi na shiga ramin Gotthard, kilomita 57 a ƙarƙashin dutse, wanda aka buɗe a 2016, babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a duniya. Kusan minti ashirin ba ka ganin komai ta taga, kana fitowa ka tarar alluna sun koma Italiyanci. Ina son in ga fuskar Yaya a wannan lokacin.

Duk wannan ma bayan biza ne. Ana karɓar takardun neman bizar Shengen, wadda ake shiga duk ƙasashen nan shida da ita, tun saura wata shida, kuɗinta Yuro 90 ga babba, ga inshorar lafiya, kuma ofishin jakadanci na son ganin inda za ka da inda za ka kwana. 'Yar Yaya ta ce ita sai ta ga Landan tunda jirgi na bi ta ƙarƙashin teku. Ingila ba ta cikin Shengen, wata biza ce daban da wani layi daban. Na ce ta yi haƙuri. Na kuma ja kunnen babarta kada a sako kilishi ko dambun nama, dokar nan ta hana shigo da nama, a filin jirgi za a zubar.

Kada a ce na mayar da Turai aljanna. Jiragen Jamus sun yi ƙaurin suna wajen makara, a 2024 waɗanda suka isa kan lokaci cikin masu dogon zango ba su kai kashi biyu cikin uku ba, har Suwizalan kan tsayar da wanda ya makara a Basel don kada ya ɓata mata tsari. Ana yajin aiki. Za ka ga tsohuwa na kokawa da akwati, matasa na kallon waya. Ba wanda zai miƙo maka abin da yake ci, kuma ba direban da zai tsaya a yi la'asar, sai dai ka yi ƙasaru ka haɗa in ka sauka. Waɗannan ina kewarsu, ba kaɗan ba.

Amma ko jirgin da ya makara, akwai lokacin da aka rubuta masa wanda ake auna makarar da shi. Wannan shi ne abin da Yaya bai gani ba. Mutumin da ya tashi yana jin "saura mutum ɗaya" a tasha tun hantsi har azahar, me zai sa ya yarda da agogo? Wanda ya ga an dakatar da jirgin Abuja zuwa Kaduna bayan harin 28 ga Maris 2022, bai dawo ba sai Disamba, ta yaya zai biya kuɗin tafiyar da ke wata biyar a gaba? Dogo ya iso Kano tun 1911, kakanninmu sun loda gyaɗa da fatu a kansa, yau muna jiran a gama layin Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, ya kuma riƙe lokacinsa shekara biyu a jere, za ka ga Bakatsine na yankar tikitin Sallah tun Sha'aban. Ba halinmu ba ne rashin shiri. An saɓa mana alkawari ne har muka daina sa rana, sannan muka lulluɓe abin da rigar tawakkali. In ba haka ba, Yayan nan da kansa ya biya kuɗin kujerar Makka watanni kafin tashi, ya ajiye rasit a ƙarƙashin katifa, ban ji wanda ya ce masa ya zama Bature ba.

Kuma ni ba zaɓa na yi ba. A wurin aikina tun farkon shekara ake rubuta hutun kowa, in ka bari wani ya ɗauki makonnin Agusta, shi ke nan. Yara ba a cire su daga makaranta ko kwana ɗaya kafin hutu ba tare da izini ba, tara ake ci. Rayuwar da na samu kaina a ciki ke nan, kuma daga cikinta ake tura kuɗin magani da na makaranta da na gyaran rufin gida, ba wanda ya taɓa cewa kuɗin sun zama na Bature.

Abin da ke ci mini rai ma ya wuce jirgi. Sau nawa ake sa ranar biki a gidanmu sai saura mako biyu a turo mini kati a WhatsApp? In duba kuɗin jirgin sama in ga ya ninka, in je wurin shugabana ya nuna mini jadawali, in koma in tura gudummawa ina ba da haƙuri. Daga baya in ji Gwaggo ta ce, "Ai su na Turai ba su san zumunci ba." Ɗaurin auren 'yar Kawu, yarinyar da na goya, a hoto na gan shi ina cikin jirgin zuwa aiki. Da na bincika, ashe an kama zauren taro tun wata uku kafin ranar. Mai abinci ta karɓi kafin alƙalami. An fitar da anko, tela ya sani, mai hoto ya sani, mai ƙunshi ta sani. Ni ne kawai ba a gaya wa ba.