Alƙali ba shi ke zaɓar wanda za a gurfanar ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan hukuma ta ƙi tuhumar wanda ake zargi, sai a garzaya kotu alƙali ya ba da umarni a gurfanar da shi. Ba haka abin yake ba. Wannan hurumin mai gabatar da ƙara ne. Shi ke auna ko hujjoji sun isa, da kuma ko shari'ar za ta amfani jama'a. Alƙali mai raba gardama ne. In shi ya ce a kawo wane, gobe da wane ido zai zauna ya saurari wanen?

A Najeriya, sashe na 174 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na tarayya ikon fara tuhuma, karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin a yanke hukunci. A Birtaniya ma, a 2008 kotun ƙoli ta wancan lokaci ta ƙi soke matakin dakatar da binciken cinikin makamai tsakanin kamfanin BAE da Saudiyya, duk da surutun da ya jawo.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba. Idan aka nuna mugun nufi, saɓa wa doka, ko matakin da hankali ba zai ɗauka ba, kotu kan sa baki. A 2016 babbar kotun Pretoria da ke Afirka ta Kudu ta rushe matakin da masu gabatar da ƙara suka ɗauka a 2009 na janye tuhumar cin hanci da ake yi wa Jacob Zuma, tsohon shugaban ƙasar. Ko a nan ɗin, masu gabatar da ƙara ne suka sanar a 2018 cewa za a gurfanar da shi.