Agogona yana gaba da daƙiƙa ashirin kullum, kuma ba ni da niyyar sauya shi

Ranar Asabar a wajen wani ɗaurin aure, wani ƙanina ya kama hannuna ya juya shi, ya ƙura wa agogona ido, ya ce, "Yaya, har yanzu wannan tsohon Seiko ɗin ne? Ai ka wuce nan." Ya ɗaga nasa hannun, ga wani ƙaton abu mai ruwan zinare yana ɗaukar ido, an rubuta Rolex a fuskarsa. Na tambaye shi nawa ya saya. Ya faɗa. Kuɗin ba su kai na buhun shinkafa ba. Na yi shiru saboda muna cikin mutane, amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na zo nan na fitar da ita.

Agogon da nake ɗaurawa ba ya amfani da batir. Irin wanda masu gyara suke kira atomatik ne. A cikinsa akwai wani siririn sifirin a nannaɗe, shi ne rumbun ƙarfinsa. A bayan injin kuma akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da yake lilo duk lokacin da na motsa hannu, lilon nan shi yake wana sifirin ɗin. Ina rubutu a allo yana cin abincinsa, ina tuƙa babur yana ci, ina miƙa hannu ana gaisawa yana ci. In na cire shi na ajiye, zai yi kamar awa 40 yana aiki, daga nan ya kwanta. Wato in na ajiye shi daren Juma'a, kafin la'asar ɗin Lahadi ya mutu. Sai na ɗauka na girgiza shi, na saita, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Bari na fara da aibinsa, tun kafin wani ya rigaye ni. Ba ya riƙe lokaci kamar waya. Ba ya ma riƙewa kamar ɗan Casio baƙin nan na roba, F-91W, wanda ya fito tun 1989 kuma kowane ɗan makaranta ya san shi. Shi wannan kuskurensa a wata guda bai wuce rabin minti ba, batirinsa kuma yana kai shekara 7. Nawa kuwa a rana ɗaya yake ƙara daƙiƙa ashirin, a mako ya haura minti biyu. Duk wanda ya ce muku agogo mai inji ya fi na batir daidaito, ko dai bai sani ba, ko kuma yana da wanda yake son sayar muku. Abin da ke cikin na batir wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da yake kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Zuciyar nawa, wato ɗan zoben da ke kai da komo a cikin injin yana auna lokaci, sau 6 take bugawa a daƙiƙa. Ina aka haɗu?

Abin dariyar ma, kamfanin da ya ƙera agogona shi ne ya kusa kashe irinsa. A watan Disamba na 1969 Seiko suka fitar da Astron, agogon hannu na farko a kasuwa mai wannan dutsen da batir. Cikin shekaru goma sha 'yan kai masana'antun agogo na Suwizalan suka durƙushe, kamfanoni da yawa suka rufe, ma'aikatan da suka kai wajen 90,000 a 1970 suka koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai da suka fito da Swatch na roba a 1983 sannan suka fara farfaɗowa. Saboda haka maganar wane ya fi iya faɗin lokaci an gama ta tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu.

To me ya sa nake ɗaura shi?

Ku lissafa kayan da kuke amfani da su daga safe zuwa dare, ku ga guda nawa ne ba sa roƙonku wuta. Waya tana son caji. Abin cajin wayar shi ma yana son caji. Fitila, fanka, abin sauraro na kunne, har agogon zamani mai ƙirga taku, in ya kwana biyu sai ya shiga layin soket. A garin da ake ɗauke wuta kwana uku ba wanda ya ce maka ci kanka, ni dai ina jin daɗin mallakar abu guda ɗaya tak da ba ruwansa da NEPA, ba ruwansa da janareto, ba ruwansa da data. Abin da yake nema a wurina shi ne na tashi na fita nema. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, shi ma kwanciya ya yi. Da na farfaɗo na duba na ga ya tsaya a ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, har sai da na yi masa dariya.

Kuma ku dubi lissafin da kyau. Sau 6 a daƙiƙa shi ne sau 21,600 a awa, sau 518,400 a yini da kwana. Rana tana da daƙiƙa 86,400, shi kuma ya kuskure ashirin a ciki, da ƙarafa da sifirin da ɗigon mai kawai, a hannun mutumin da yake faɗawa ramukan titi a kan babur. Ba banza ba aka yi masa kirari da agogo sarkin aiki. Ni wane ma'aikaci na sani da yake wannan ƙoƙarin? Kowace Juma'a kafin na tafi masallaci nakan ja kan agogon na mayar da shi baya da minti biyu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haka yake yi da nasa, sai dai shi da rediyo yake saitawa, yana zaune a kan tabarma da asuba, ya kanga akwatin a kunne yana jiran a faɗi lokaci.

Nasa ma Seiko 5 ne, tsarabar Makka. 'Yan zamaninmu sun san wannan: alhaji ya dawo, a cikin jaka akwai dabino da zamzam da carbi da hula, sannan can ƙasa a nannaɗe cikin hankici akwai agogo, na babban ɗa ko na aminin da ya riƙe gida. Masu hali su sayo Rado, sauran jama'a Seiko ko Orient ko Citizen. Abin da ya fi burge ni a na Baba ina yaro shi ne 'yar tagar da take nuna rana, domin ana iya juya ta ta koma Larabci. Sai ka ga an rubuta Alhamis ko Talata da baƙaƙen da muke karantawa a allo, kuma sunayen kusan su ne namu. Har na yi wayo ina zaton don Hausawa aka ƙera shi.

Seiko 5 ya fito ne a 1963 a Japan, kuma biyar ɗin alkawura ne guda biyar: yana wana kansa, yana nuna rana da kwanan wata, yana jure ruwa, kan da ake saita shi an ɓoye shi a wajen ƙarfe huɗu don kada ya riƙa sukar bayan hannu, sannan jikinsa da sarƙarsa masu ƙwari ne. Ba a yi shi don attajirai ba. Don leburori da direbobi da malaman makaranta aka yi shi, shi ya sa ya bazu daga Jidda har Jakarta. Injin da ke cikin nawa, 7S26, tun 1996 aka fara yin sa, kuma talaka ne na gaske: ba a wana shi da hannu sai dai girgizawa, in ka ja kansa don saiti ma sandar daƙiƙa ba ta tsayawa. Sababbin da suka gaje shi, masu injin 4R36, sun gyara waɗannan biyun.

Yanzu ga inda ni da ƙanina muka rabu. Ni ma an taɓa yi mini. Shekarun baya, kafin wannan, na sayi wani a hannun wani mai tebur a kasuwa, fuskarsa shuɗiya, an rubuta Seiko, an rubuta atomatik, har da duwatsu 21, wato 'yan ƙananan duwatsun da ake sa wa inji don rage gogayya. Na biya ina murna na yi tsintuwa. Bayan wata huɗu ya tsaya cak, na girgiza har hannuna ya gaji, ko motsi. Na kai wa wani dattijo mai gyara, irin masu ɗan akwatin gilashi a bakin titi, cike da gawarwakin agogo. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya buɗe bayan da wata 'yar wuƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya turo mini shi a tafin hannu. Ciki fanko ne, sai wani farin zoben roba da ɗan inji kamar ƙwayar gyaɗa da batir a maƙale.

Ya ce, "Malam, da idonka ka saya ko aike ka yi?"

Na ce, "Baba, da idona."

Ya ce, "To ai tun daga waje ya gaya maka. Ba ka ga sandar tana tsalle ɗaiɗai ba? Mai inji ba ya tsalle, jan ciki yake."

Tun ranar na riƙe wannan. Sandar daƙiƙa ta mai batir tana yin tak, tak, sau ɗaya a daƙiƙa. Ta mai inji tana tafiya da ƙananan taku a jere har ka ga kamar sulalewa take. Kanga shi a kunne kuma za ka ji bugun da sauri, in ka juya shi ka ji lilon ƙarfen nan na baya. Wannan ba zai kare ka daga duk jabu ba, don akwai masu sa inji mai arha a cikin jikin ƙarya, akwai kuma tsofaffin Seiko da ake haɗa-haɗa a sake musu fenti a fuska da launukan da kamfanin bai taɓa yi ba. Amma ko ba komai, ba za a sayar maka da batir da sunan sifirin ba. Sauran kuma, ka je da wanda ya sani, ka ce a buɗe bayan a gabanka. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abin da na ƙi a Rolex ɗin ƙanina ba arharsa ba ce. Nawa ma ai mai arha ne. Abin da na ƙi shi ne duk wanda ya kalli hannunsa, ɗayan biyu ne: ko bai san agogo ba, to bai ma lura ba, ko ya sani, to ya gane. Wa aka burge ke nan? Ranar da ya lalace kuma ba mai gyara shi, sai bola. Nawa an rubuta Seiko, aka buɗe aka ga Seiko. In Orient ne ko Citizen ko Vostok ɗin Rasha ko Seagull ɗin Sin, duk ɗaya ne a wurina, muddin sunan da ke waje shi ne a ciki. Kai, wallahi ɗan Casio na roba na gaske ya fi mini mutunci a hannun mutum.

Sai dai kalmar arha ɗin nan tana bukatar a yi mata adalci. Akwai lokacin da ake samun sabon ƙaramin Seiko 5 a ƙasa da dala 100. A 2019 kamfanin ya sabunta jerin, sababbin suka koma wajen dala 300, sannan Naira ta yi abin da ta yi daga 2023. Yau sabo dal ya fi ƙarfin albashin mutane da yawa, kuma ba zan ce wa magidanci ya bar kuɗin makarantar yara ya sayi agogo ba. Na hannu mai lafiya yana nan, kuma kafin ma a je kasuwa, a duba adakar tsofaffi. Gidaje nawa ne suke da agogon marigayi a kwance cikin gwangwanin alawa, ana zaton ya mutu, alhali wanki da mai kawai yake nema?

Masu saya su ajiye sai Juma'a ko Sallah, ku ma ina da magana da ku. Wannan ba babbar riga ba ce. In ka mayar da shi na kwalliya, duk ranar da ka ɗauko sai ka tarar ya tsaya, ka saita lokaci, ka saita rana, ka saita kwanan wata, a ƙarshe ka gaji ka ce ba shi da kyau. A ɗaura shi kullum. Gilashin nawa yana da zane biyu, sarƙar ta saki har tana ƙara, gefensa ya goge inda yake gugar teburin aji. Ban damu ba, don da kuɗin mota na saye shi da ban iya shiga kasuwa da shi ba.

Kulawarsa ba ta da yawa. Kada a kwantar da shi a kan lasifika ko jikin abin da ke da maganaɗisu, don siririn gashin da ke zuciyarsa yana kamawa, sai ka ga agogo yana gudu da mintuna a rana. Kada a sauya kwanan wata da hannu tsakanin tara na dare da wajen huɗu na asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juya shi, ana iya karya su. Wata mai kwana 30 da Fabrairu kai za ka tura masa, shi a wurinsa kowane wata 31 ne. In shekaru suka ja ya fara ja da baya ko yana mutuwa da wuri, mai ya bushe, a kai shi wanki. Ruwa kuma, yayyafi ba ya yi masa komai in robobin bakinsa ba su tsufa ba, amma ni cire shi nake in zan yi alwala. Aljihu nake jefa shi, ban ƙara ɗorawa a kan katanga ba tun ranar da na yi raka'a biyu hankalina yana wajen famfo.

Damuwata ɗaya ita ce masu gyaran. Dattijon nan da ya buɗe mini jabu, har yanzu shi nake kai wa, hannunsa ya fara rawa, idon ma sai ya matso da fitila. Na tambaye shi ina yaransa. Ya nuna mini tsallaken titi da haɓa, wajen rumfunan masu gyaran waya. Ya ce yawancin aikin da yake samu yanzu sauya batir ne da rage sarƙa, in ya ga mai inji har daɗi yake ji. Wancan zuwan da na yi ya riƙe nawa kwana uku, ya wanke, ya sa mai, ya ɗan taɓa wani ƙaramin hannu a kan zuciyar da bakin allura, gudun ya sauko daga kusan minti ɗaya zuwa ashirin ɗin nan da nake faɗa. Na ce ko za a ƙara matsawa ya dawo daidai? Ya ce, "Bar shi haka, Malam. Gara ya kai ka sahun gaba da ya sa ka tarar an sallame."

Ƙanin nawa ya kira ni jiya da daddare. Wai ruwan zinaren ya fara barin kore a hannunsa, yana tambaya ko na Baba yana nan. Yana nan, a gwangwani, a ɗakin Hajiya. Na ce ya je ya roƙe ta da kansa, in ta ba shi ya same ni ranar Asabar mu kai wa dattijon.