Kwana Shida a Otal, Awa Biyu a Kufan Mutanen Maya

Makonni uku ke nan da muka dawo daga Meziko ni da uwargida, kuma tun ranar da na ɗora hotunan tafiyar a nan 'yan'uwa da abokan arziki suke ta tambaya ta akwatin saƙo: nawa aka kashe, wane otal muka sauka, ana samun abincin halal ko kuwa. Kowa zan amsa masa a keɓe in Allah ya yarda. Amma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun muna can, wadda hoto ba zai iya ɗauka ba, ita nake so in shimfiɗa yau, musamman ga ma'auratan da ke shirin irin wannan tafiya. Mun yi kwana shida a otal a bakin teku, mun yi awa biyu kacal a kufan Chichen Itza, tsohon birnin mutanen Maya, 'yan asalin yankin, kuma a ganina wannan rabon bai yi adalci ba, ko ga tarihin wurin ko ga mutanen da suka gaje shi.

Zan fara da ba otal haƙƙinsa, domin kada a ɗauka na raina hutu. Shekararmu goma sha biyu da aure, takwas daga ciki a Houston muka yi su, inda babu kaka ko gwaggo da za a miƙa wa yara a ce a huta na yini guda. Da ƙanwata ta zo ta karɓi riƙon gida na mako ɗaya, sai muka hau jirgi, cikin abin da bai kai awa uku ba muka sauka a Kankun. Otal ɗinmu yana kudu da birnin, a yankin da ake kira Riviera Maya, irin wanda ake biya sau ɗaya a haɗa kwana da ci da sha, sannan a ɗaura wa mutum wata munduwar roba a hannu wadda ita ce shaidarsa a ko'ina. Na ga uwargida ta koma barci bayan sallar asuba ba tare da tunanin karin kumallon kowa ba, abin da rabona da in gani har na manta. Kifi da shinkafa da kayan marmari sun wadace mu, sai dai mun koyi tambaya kafin mu ci wake, domin a ƙasar ana yawan dafa shi da kitsen alade. Wannan hutun ya yi wa aurenmu amfani, kuma ba na nadamar ko kwabo da na kashe a kansa.

Matsalar ita ce munduwar nan tana rufe mutum a cikin wata duniya da aka gina domin baƙo shi kaɗai. Kankun kansa haka aka yi shi: kafin 1970 tsibirin yashi ne mai 'yan tsirarun mazauna, gwamnatin Meziko ce ta zaɓe shi ta tsara shi domin jawo masu yawon buɗe ido, otal-otal na farko kuma suka buɗe a 1974. A cikin otal ɗinmu sunan Maya yana ko'ina, a jikin ɗakin cin abinci, a ƙofar wurin tausa, har da wata ƙaramar dala ta siminti a bakin wurin ninƙaya. Da dare kuma matasa sukan fito da gashin tsuntsaye a ka su yi rawa, mai gabatarwa yana ba da labarin wata al'umma mai ban mamaki da ta yi zamani ta ɓace. Wanda duk ya tsaya iya nan zai koma gida da yaƙinin cewa mutanen Maya labarin da ne, kamar Adawa da Samudawa.

A rana ta huɗu muka shiga motar da ke kai baƙi Chichen Itza. Ƙarfe bakwai na safe aka ɗauke mu, amma sai da muka zaga wasu otal-otal huɗu ana kwasar mutane kafin mu kama hanya, tafiyar da ta kai kilomita 200. Da aka tsallaka daga jihar Quintana Roo zuwa jihar Yucatan agogo ya koma baya da awa ɗaya, na yi murna cewa mun sami ƙarin lokaci, ashe a wani babban kantin tsaraba da ke bakin hanya za a ƙarar da shi. Daga nan aka kai mu cin abinci, kuma sai da rana ta take tsaka, zafi kamar na bazara a Sakkwato, sannan muka isa ƙofar kufan, ɗan jagora ya ɗaga lemarsa ya ce kowa ya dawo mota nan da awa biyu.

Duk gajiyar ta tafi lokacin da muka fito daga inuwar itatuwa muka yi arba da dalar Kukulkan, abin bautarsu mai siffar maciji, a tsakiyar fili. Tsayinta mita 24 ne, ban da ɗakin bautar da ke samanta, kuma kowace fuska daga cikin huɗun tana da matakala 91, waɗanda idan aka haɗa su da dandamalin sama za a sami 365, adadin kwanakin shekara. Shekararsu ta rana wata 18 ce mai kwana ashirin-ashirin, da ƙarin kwana biyar a ƙarshe, lissafinsu kuma a kan ashirin yake tafiya, ɗigo yana nufin ɗaya, sanda tana nufin biyar, suna kuma da alamar sifili tun ƙarnuka da dama kafin Turai ta san amfaninsa. Sau biyu a shekara, a watan Maris da Satumba lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwar kusurwar dalar takan sauko a jikin matakalar arewa kamar maciji yana gangarowa zuwa kan macijin dutse da aka sassaƙa a ƙasa. Ɗan jagoran ya tsayar da mu a gaban matakalar ya ce mu tafa. Uwargida ta tafa sau ɗaya, sai ginin ya maido da wata ƙara siririya kamar kukan tsuntsu, ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji kuwa? Kuma a ce babu ƙarfe babu dabbar ɗaukar kaya suka yi wannan." Ta sake tafawa har sau uku, ni kuma ina tsaye ina kallon fuskarta, domin ban taɓa ganin wani abu ya kama hankalinta haka ba a duk kwanakin da muka yi a bakin teku.

Daga nan aka ja mu da sauri zuwa filin ƙwallo, mai tsawon mita 168, inda zoben dutse ke manne can sama a jikin bango, kuma sassaƙen da ke ƙasa yana nuna ɗan wasa da aka fille wa kai. Sai kuma rijiyar hadaya, wani faffaɗan rami na halitta mai faɗin kusan mita 60, irin waɗanda ake kira senote, da ruwa kore a ƙasansa. A cikinsa aka riƙa jefa zinariya da duwatsu masu daraja da kuma mutane, har da yara, domin roƙon ruwan sama. Ba na cikin masu yi wa wannan kwaskwarima. Shirka ce da zubar da jini, kuma jikina ya yi sanyi a bakin ramin. Wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ne ya fara yashe rijiyar a 1904, ya kwashe yawancin abin da ya samu zuwa gidan tarihi na jami'ar Harvard. Muna cikin sauraron wannan lokaci ya cika. Ginin nan mai zagaye da ake kira Caracol, inda ake ganin a nan suke duban tafiyar taurari, daga nesa kawai muka hango shi muna sassarfa zuwa mota.

A hanyar fita ne wani baƙo ya tambayi ɗan jagoran ina waɗannan mutane suka tafi. Mutumin, gajere kakkaura da ya manyanta, ya nuna ƙirjinsa ya ce ga ɗaya nan a gabanka, kuma direban motarku ma haka. Wannan amsar ita ce ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Gaskiya ne manyan biranen kudu irin su Tikal da Palenque sun zama kufai a wajen ƙarni na 9, bayan fari mai tsawo da yaƙe-yaƙe tsakanin sarakuna, kuma Chichen Itza ita ma ta yi zamaninta ta dushe. Amma sarauta ce ta rushe, talakawa sun ci gaba da noman masararsu, wannan masarar dai da muke tuwo da ita, wadda asalinta daga ƙasar Meziko ta fito. Birninsu na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nojpeten, sai a 1697 ya faɗa hannun Sifaniyawa. A 1847 suka yi tawaye a Yucatan saboda ƙwacen gonaki da haraji, sojojin Meziko kuma ba su iya shiga hedkwatarsu ta Chan Santa Cruz ba sai a 1901, garin da yau ake kira Felipe Carrillo Puerto, a cikin jihar da otal ɗinmu yake. A yanzu haka masu magana da harshen Maya na Yucatan sun haura 700,000, ban da miliyoyin da ke magana da 'yan'uwan harshen a Guatemala da jihar Chiapas.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin shi ne maganar littattafai. Mutanen Maya suna da rubutu nasu na kansu, suna rubutawa a takardar ɓawon itace da ake naɗewa. A 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara abin da ya samu a garin Mani ya cinna masa wuta. Guda huɗu kaɗai aka sani sun tsira har zuwa yau, uku daga ciki suna Turai, a Dresden da Madrid da Paris. Duk wanda ya tashi ya ga gafakar kakansa cike da littattafan hannu zai fahimci abin da ake nufi da a wayi gari jikoki ba su iya karanta ko harafi ɗaya na kakanninsu ba. Sai a 1952 wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya gano cewa alamomin suna wakiltar gaɓoɓin sauti, daga nan ne aka kama hanyar karanta abin da ke jikin duwatsun.

Washegari uwargida ta ji matar da ke gyara mana ɗaki tana magana da abokiyar aikinta a baranda cikin wani harshe da ba Sifaniyanci ba. Da ɗan Sifaniyancin da ta tsinta a Texas ta tambaye ta, matar ta yi murmushi ta ce Maya ne. Kwana huɗu ke nan tana shimfiɗa mana gado, tana naɗe mana tawul kamar tsuntsu, mu kuma mun biya kuɗi mun yi tafiyar kilomita 200 domin mu ga aikin kakanninta. Ta koya wa uwargida gaisuwarsu, "Bix a beel", wato yaya hanyarki, da kuma godiya, "Dios bo'otik", wadda ma'anarta Allah ya biya. Uwargida ta ce mata haka mu ma muke cewa a harshenmu, suka daɗe suna dariya suna maimaita wa juna kalmomin.

Bayan wannan ne na sake tunani a kan masu talla da suka cika hanyoyin cikin kufan, waɗanda baƙi da yawa ke ƙorafi a kansu saboda kiran "dala ɗaya", wato kuɗin Amurka, da busa wani abin yumɓu mai gurnanin damisa. Akasarinsu daga Piste suke da sauran ƙauyukan da ke kewaye. Na tuna wata tsohuwa cikin farar riga mai surfani a wuya, tana riƙe da ƙananan hankici da aka yi wa ado da zare, wani baƙo yana ta tayawa yana ragewa har ya raba kuɗin biyu, alhali munduwar da ke hannunsa ta kwana ɗaya ta fi ƙarfin cinikinta na makonni. Ciniki ba laifi ba ne, mu ma a kasuwa muka tashi, amma akwai inda tayi ke komawa cin zali.

Na san za a ce otal-otal ɗin su ne ke ba dubban mutane aiki, kuma haka ne, shi ya sa ban ce kowa ya fasa zuwa ba. Wani abokina kuma ya ce me ya kai Musulmi wurin gumaka, na ce masa an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na baya ya kasance, kuma dubawa ba ta yiwuwa da gudu. Shawarata ga ma'aurata ita ce su yanke kwana biyu daga na otal su kwana a Valladolid, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya ba daga kufan, su shiga ƙarfe takwas na safe lokacin da ake buɗe ƙofa, kafin zafi da manyan motoci su iso, su ɗauki ɗan jagora ɗan yankin su biya shi kai tsaye. Wanda bai iya wannan ba, Tulum na kusa da otal-otal, birni ne mai ganuwa a kan tsauni a bakin teku, wanda yake cike da mutane lokacin da jiragen Sifaniyawa suka hango shi a 1518. Tukuicin masu gyaran ɗaki kuma a miƙa shi hannu da hannu, a tambayi sunan mutum da garinsu.

Ranar da za mu tafi, kafin a yanke mana munduwar da almakashi a wurin karɓar baƙi, uwargida ta nemo matar domin su yi sallama, ta nuna mata hotunan dalar a waya. Matar ta daɗe tana kallo, tana jan hoton da yatsa domin ta ga matakalar sosai, sannan ta ce ita ba ta taɓa zuwa ba. Uwargida ta ce ai mun ji cewa 'yan ƙasa suna samun sassaucin kuɗin shiga ranar Lahadi. Ta ce haka ne, amma Lahadi ce ranar da baƙi suka fi sauka da tashi, ɗakunan da take gyarawa a ranar sun fi na kowace rana yawa.