Daga Agege nake hango cunkoson Kabuga

Shekara tara ke nan ina zaune a Agege, kusan kullum kuma sai na je Oshodi. Duk sanda na je Kano ganin gida, ƙannena kan ce, "Yaya, ya kake yi da cunkoson Ikko?" Wallahi yanzu tafiyar Kabuga zuwa Bata da yamma ta fi gajiyar da ni.

Da danfo, ƙaramar bas ɗin haya, na fara sanin Ikko, ruwan ɗorawa mai baƙin zane a ciki, kujerun katako, gwiwarka a bayan na gabanka. Kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Oshodi, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. In ba ka da shi, sai ya haɗa ku biyu da takarda ɗaya, ku sauka ku nemi yadda za ku raba. Kalmar Yarabanci ta farko da na koya ita ce "owa", wato akwai mai sauka, don in ba ka faɗe ta da ƙarfi ba sai an wuce da kai. A kowace tasha agbero, wato ɗan kamasho, na biye da motar yana karɓar nasa, kuma daga aljihunmu ake mayar da shi. In hadari ya haɗu, kuɗin mota ya tashi.

BRT, doguwar bas mai hanyarta ta daban, ta fara a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, layinmu na Oshodi zuwa Abule Egba kuma aka buɗe shi a 2020. Ana biya da katin Cowry, babu rigimar canji. Akwai dogon layin jira da safe, wani lokacin har ƙafa ta yi sanyi. Amma da zarar motar ta tashi, tana bin hanyarta da aka killace da kankare, ka leƙa taga ka ga danfo da motocin manya cirko-cirko. Wannan killacewar ita ce komai. Doguwar mota da ba ta da hanyarta, cikin cunkoson za ta tsaya kamar kowa.

Shi nake so a gane a gida. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, nauyin gari ya koma kan A Daidaita Sahu. Mutum uku ko huɗu take ɗauka, ga birni ya miƙe har Rijiyar Zaki da Mariri. Keke nawa za a zuba a titi kafin a kwashe mutanen doguwar mota ɗaya? A ware layi ɗaya a titin Zariya da titin Katsina, 'yan sahu su riƙa kawo mutane daga lunguna zuwa tasha. Abincinsu ba zai yanke ba. Nan ma keke nake hawa daga gida zuwa Dopemu kafin in kama BRT.

Akwai inda Kano ta fi, kuma yana damuna. Wani dattijo ɗan Arewa a unguwarmu a keken guragu yake. Na tsaya da shi wata safiya, danfo uku suka rage gudu, suka ga keken, suka ƙara wuta. A Kano ɗan sahu zai zo har ƙofar gida, ya sauko ya ce, "Baba, kawo in kama maka." Ranar sai da muka haɗa kuɗi muka ɗaukar masa shatar keke zuwa asibiti.