Bayahudiyar da ta koya wa New York zuwa dubiya

Aikina a nan New York shi ne kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, kamar yadda matan Afirka ta Yamma da dama suke yi a Bronx. Na daɗe ina wannan aiki kafin in san cewa yana da uwa, kuma uwar tasa wata Bayahudiya ce mai suna Lillian Wald. Na san wasu za su yamutsa fuska da jin kalmar, ganin abin da ke faruwa a Gaza, wanda ni ma yake hana ni barci. Amma wannan baiwar Allah ta rasu tun 1940, kuma ba zan ɗora mata laifin da ba ta gani ba.

An haife ta a 1867 a Cincinnati, ta tashi a Rochester, a gidan Yahudawa 'yan asalin Jamus masu rufin asiri. Ta yi karatun jinya, har ta fara na likita. A 1893, tana koyar da matan baƙin haure yadda ake jinya a gida a unguwar Lower East Side, sai wata yarinya ta zo ta ce uwarta ba lafiya. Lillian ta bi ta lungu-lungu har wani gida a titin Ludlow. Mutum bakwai ne a ɗaki biyu, ga kuma 'yan haya a kansu. Uwar tana kwance cikin jini kwana biyu bayan haihuwa, likita ya tafi don ba su da abin biyansa. Lillian ta naɗe hannun riga ta wanke matar, ta gyara gadon, ta goge ɗakin. Daga nan ba ta koma makarantar likita ba.

Wannan labari ya tsaya mini a rai saboda ƙanwar mahaifiyata haka ta tafi, kwana uku bayan ta haihu. Gidanmu cike yake da 'yan barka, an dama kunun kanwa, an dafa ruwan wanka, kowa yana sannu, kowa yana addu'a. Ba wanda ya san jinin ya wuce ƙa'ida. Da aka kai ta asibiti lokaci ya ƙure. Ba ƙauna ta rasa ba, Allah shaida ne. Ido ɗaya ta rasa wanda ya san abin da yake kallo.

Abin da Lillian ta yi bayan wannan rana shi ya bambanta ta da masu zuwa su ba da sadaka su koma. Ita da ƙawarta Mary Brewster suka tare a unguwar, suka kama ɗaki a saman bene kamar kowa. Suna bi gida-gida da jakar magani, ba sa tambayar addini ko ƙabila. Nas-nas ɗinta kan bi ta rufin benaye su tsallaka daga wannan gini zuwa wancan don kada hawa da sauka su cinye musu lokaci. Mai hali ya biya ɗan abin da ya samu, don kada ya ji an mayar da shi almajiri. Marar hali a duba shi kyauta. A 1895 wani attajiri Bayahude, Jacob Schiff, ya saya musu gida mai lamba 265 a titin Henry. Na je na gan shi, ginin jan bulo ne marar ado, kuma har gobe ana hidimar jama'a a cikinsa. A 1902 ta shawo kan hukumar birni ta gwada ajiye nas a makarantun gwamnati, aka fara da Lina Rogers, maimakon a riƙa korar yaro gida saboda ƙaiƙayi ko ciwon ido. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP ta kare haƙƙin baƙar fata a 1909, lokacin da zaman baƙi da fari a teburi ɗaya abin gori ne.

A zumunci mun fi mutanen nan nesa ba kusa ba. Na kula da wata tsohuwa shekara biyu, ban taɓa ganin maƙwabcinta ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. A garinmu ko zazzaɓi ka yi sai ka gaji da amsa gaisuwa. Sai dai dubiyarmu ta wanda muka sani ce, kuma hannu sake muke zuwa, ko da lemo da ayaba. Ita tsohuwar nan da ba ta da kowa, duk mako nas na zuwa ta auna mata jini ta duba ƙafarta.

Kuma kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu tun kafin a haifi Lillian, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka su kai wa mata karatu har cikin ɗaki. Ta gane cewa macen da ba ta fita, sai a je mata. Masu rigakafin shan inna ma sun shiga kusan kowane zaure a Arewa. Hanyar tana nan, mai ɗaukar nauyi ne babu.

A nan nake jin takaicin masu kuɗinmu. A layi ɗaya sai ka ga masallaci uku, kowanne da sunan wanda ya gina shi, ga rabon shinkafa da azumi ana ɗaukar hoto. Alheri ne, ban raina ba. Amma Schiff albashin nas ya riƙa biya, Lillian kuma tana rubuto masa bayanin gidajen da suka shiga da abin da suka tarar. Mu ma da ke ƙetare ba mu kuɓuta ba: adashinmu na biki ne da kai gawa gida.

A taronmu na watan jiya na kawo shawarar mu riƙa ware wani abu mu biya nas guda a unguwarmu ta gida, aikinta kawai ta ziyarci kowace mai jego a makon farko. Mata shida sun amince. Na kira yayata ta nemo mana wadda ta gama makarantar ungozoma tana zaune ba aiki, ta ce ta san guda biyu.