Littattafan da suka hana ni barci a zafin bana

Jama'a tunda zafin Garwa ya hana kowa barci, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa, ni dai na koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina karatu a waya har asuba ta kawo kai. Wani abokina da muka yi lise, wato makarantar sakandare, tare wai me nake tsinta a littattafan kisa da na ban tsoro, ai abin Turawa ne. Na ce haba malam, mu da kakanninmu suka rene mu da labarin Dodo da aljanun tsamiya?

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Lightseekers na Femi Kayode, ɗan Najeriya, ya fito 2021. Ƙagaggen labari ne amma tushensa gaskiya, kisan ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu da mutanen Aluu suka yi a 2012 bisa zargin sata. A littafin ɗalibai uku ne, kuma an ga waɗanda suka yi kisan tunda an ɗauka a waya, to abin da mahaifin ɗaya daga cikin yaran yake so mai binciken ya gano masa shi ne ME YA SA. Wallahi ina karantawa ina tuna ranar da na ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa, mai shayi ya bar butarsa a wuta, masu moto suka yi fakin, kowa ya nufi wurin da abin da hannunsa ya samu, ba wanda ya tsaya tambayar me aka sata, ni ma ƙafata sai da ta bi su kafin hankalina ya dawo. Ka karanta shi ka ga ko ba za ka ga fuskar maƙwabcinka a ciki ba.

Sai na gida, wanda ba ƙage a cikinsa ko kaɗan: To Catch a Dictator na Reed Brody, 2022, akwai shi da Faransanci. Yadda aka yi ta bin sawun Hissene Habre ne, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, da aka kifar da shi ta nan Kamaru ya bi ya wuce Senegal. A 2001 su Brody suka shiga tsohon ofishin 'yan sandan sirrinsa na DDS a Injamena suka tarar da takardu zube a ƙasa, a ciki har da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Akwai ma wani wurin ninƙaya fa da aka rufe samansa da kankare aka mai da shi kurkuku. A 2016 kotu a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai. Marubucin yana ɗan yawan saka kansa a gaba, wannan kam na lura, amma labarin su Souleymane Guengueng da suka fito daga kurkukun suka ƙi yin shiru ya isa dalilin karantawa, musamman ga 'yan'uwanmu na Kusseri da abin ya faru a tsallaken ruwansu.

Mai son abu mara nauyi ya nemi My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018. Ƙanwa tana kashe samarinta, yayarta nas ce a Legas ita ke goge jinin. Gajere ne, za ka yi dariya sannan ka ji kunyar dariyar.

Na ban tsoro zalla kuwa Notre part de nuit na Mariana Enriquez 'yar Ajantina, kauri kamar bulo, farkonsa na ja a hankali sai ka yi haƙuri. Uba ne yake ƙoƙarin tserar da ɗansa daga wata ƙungiyar asiri ta masu kuɗi da ke bauta wa Duhu, a zamanin mulkin sojan da mutane ke ɓacewa ba labari. Kar a ba yara. Shekaranjiya wajen ƙarfe biyu na dare ina tsakiyarsa akuyarmu ta ture kwanon silba a bayan madafa, ban san sadda na tsinci kaina a ƙofar ɗakin Hajiya ina ayatul kursiyyu ba, ta leƙo ta ce kai kuma lafiya, na ce ruwa na zo nema, ta ce randa ai tana can inda ka baro.