Rust, Valheim ko Minecraft? Ni dai na zaɓi wanda zai jure Sakkwato

Daren jiya musu ya kaure a majalisarmu ta Mabera, har mai shayi ya kwashe kayansa ba mu gama ba. Wai wane gem ne ya fi a cikin waɗanda ake jefa ka daji hannu rabbana, ka sari itace, ka fasa dutse, ka kafa wurin kwana kafin duhu ya yi. Da na ce Minecraft sai aka kwashe da dariya, wai wasan yara. Tunda ba a bar ni na kai aya ba, ga sauran maganata.

Masu Rust suka fi kowa ɗaga murya. Ban ce ba shi da daɗi ba. Kamfanin Facepunch na Ingila ya fito da shi a 2013, kuma har yau ban ga gem mai sa gaban mutum faɗuwa kamarsa ba. Za ka farka a bakin teku tsirara, daga dutse ɗaya sai sandar wuta, duk wanda ka hango kuma mutum ne irinka mai son abin hannunka. Matsalar ita ce duniyar Rust ba ta tsayawa don ka tashi. Ka kashe kwamfuta, jikinka yana nan kwance a saba, wato kwamfutar intanet da ke riƙe da duniyar gem ɗin, gidanka yana nan. Na taɓa kwashe kwana tara ina gini, aka ɗauke mana wuta kwana biyu, na dawo na tarar an fasa bango an yashe akwatuna tas. Ko ɓarayi ba su zo ba, gidan da ba a zuba wa kayan gyara rubewa yake yi da kansa. Ga shi duk Alhamis ɗin farko ta wata ana share taswirar a koma farko. Wanga wasa na mai wutar da ba ta ƙiftawa ne, mu 'yan kallo ne.

Gem ɗin ARK kuwa ban ma tsaya a kansa ba. Hawan dinoso abin sha'awa ne, amma gem ɗin da ya haura gigabait 100 in ka haɗa da taswirorinsa, da datar wa zan sauke shi?

Valheim ne ya kusa sace min zuciya. Mutum biyar kacal a kamfanin Iron Gate na Suwidin suka fitar da shi a Fabrairun 2021, nauyinsa lokacin bai fi gigabait ɗaya ba. A nan yunwa ba ta kashe ka. Abinci ƙarfi yake ƙara maka, kala uku a lokaci guda, wanda bai ci ba sai ya zama lagwani a gaban dodanni. Gininsa kuma akwai hankali: ka ɗora rufi ba ginshiƙi ya rufto, ka hura wuta a ɗaki ba mafitar hayaƙi ya shaƙe ka, kamar dai madafar kakata a ƙauye. Sai dai babu shi a waya. A watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, fankar laftof ɗina kuka take kamar injin markaɗe. Abin dariya, a cikin gem ɗin sanyin kan duwatsu ne ke neman kashe ni, a waje kuma gumi ya jiƙa min riga.

To, Minecraft. Markus Persson ya fara sakinsa a 2009, Microsoft ta sayi Mojang, kamfanin da ke yin sa, a 2014 kan dala biliyan 2.5, zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Ba wannan lissafin ya dame ni ba. Yana hawa wayar da ke aljihuna, yana yi ba intanet, in na ajiye shi duniyar ta jira ni. Mutum ɗaya ya kunna hotspot, mu huɗu mu shiga duniya guda muna zaune kan tabarma ɗaya.

Tun 2022 suka sa laka a ciki: ka zuba ruwa a ƙasa, ka cuɗa da alkama, ka fitar da tubali. Ɗan yayata da ya gano haka ya kira ni, "Kawu, zo ka ga gidanmu." Zaure ne da soro da rumbu biyu, har da raƙumi a ƙofar gida, tunda an kawo raƙuma a 2023.

Na yarda da masu suka a abu ɗaya. Da zarar ka samu sulken ƙarfe da gonar alkama, tsoro ya ƙare, sauran gini ne. Mai son faɗa da manyan dodanni ya nemi Terraria, na 2011 ne, shi ma yana kan waya, duk da hotonsa shafe yake kamar zanen bango.

Yau bayan isha'i ina nan tafe majalisa. Mai Rust ya zo da janaretonsa, ni wayata na da caji.